Mai Makullai da 'Yan Hayar Ƙarƙashin Ruwa

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Makullai ya yi yana kula da wani gidan haya mai hawa biyar, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a samu mahaluƙi ɗaya da ya taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. In famfo ya lalace, ya san dalili. In wuta ta ɗauke, ya san wanda ya ɗauke ta. Makullan gidan kaf suna rataye a ƙugunsa, har da na ƙofofin da aka daɗe da toshewa da bulo, shi ya sa tun kafin ka gan shi za ka ji tafiyarsa, kacau-kacau. Babban abin taƙamarsa shi ne iya haɗa 'yan haya. A cewarsa, ka ba shi kyanwa da ɓera da ɗaki ɗaya, kafin sati ya zagayo za ka tarar suna aron gishiri a wurin juna.

Ɗakinsa yana ƙasa, dab da ƙofar shiga. Wannan ɗaki kuwa shi ne ransa, domin gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya ta bar shi yana aiki shi kaɗai. Akwai wani ɗakin can saman rufi kusa da tankin ruwa, matakala tamanin da huɗu daga ƙasa, wanda ko a mafarki ba ya son a ambata masa shi.

Ran wata Litinin sai ga Hajiya mai gidan ta iso da ƙarti huɗu ɗauke da wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai na gadon mutum ɗaya. Suka ɗora shi a kan teburin ƙarfe a falon shiga, jikin bangon ɗakin Mai Makullai.

"Na kifi ne," in ji Hajiya. "Na gani a asibitin da ake duba min ido, ya ba ni sha'awa. Sai magana ta biyu. Mai kemis ɗin nan na gefe yana son ɗakinka ya ƙara wa shagonsa. Kai sai ka koma na sama."

Gwiwar Mai Makullai da ta ji maganar sai da ta yi ƙara. Amma bakinsa bai taɓa ba shi kunya ba.

"Ranki ya daɗe, to kifin fa? Ai kifi sai da mutum a kusa. In ɗaya ya yi tari wa zai ji?"

"Kifi yana tari?"

"Ba kowane kunne ke ji ba, ranki ya daɗe."

Hajiya ta dube shi ta saman gilashinta. "Ka iya kifi ne?"

"Ni? Ai kifi ɗan haya ne, jiƙewa kawai ya yi."

"To shi ke nan. Saura sati biyu taron 'yan haya. In na zo na tarar da kifaye suna walwala lafiya lau, ɗaki naka ne, mai kemis ya nemi wani. In ba haka ba, ka fara lallashin gwiwarka. Je ka shagon kifin ado da ke bayan banki ka zaɓa, na riga na yi magana da mai shagon. Kuma ka ji abin da za ta gaya maka."

Da ya shiga ɗaki ya labarta wa matarsa, sai ta ajiye wuƙar da take yankan albasa ta zuba masa ido.

"Malam, kai da ko a kasko ba ka iya juya kifi ba?"

"Wancan matacce ne, ba ya jin magana. Ki zuba ido ki sha kallo."

Washegari ya karkata hula ya nufi shagon. Mai shagon wata matashiya ce mai fara'a, hannunta kullum a jiƙe. Ta fara nuna masa wasu ƙananan kifaye masu launi iri-iri da ke ta shawagi a saman ruwa, ya ɗaga mata hannu.

"Ba na son 'yan sama. Na san halinsu. Su ne masu zubo ruwan wanki a kan mutane, su ne masu ƙorafin famfo ba ya hawa. Ki ba ni 'yan ƙasa, masu tawali'u."

"Akwai na ƙasa, Baba, amma ba a cika akwati da su zalla. Ƙasan ɗaya ce, kowa kuma can zai nufa." Ta ja shi wani gefe. "Ka ga wannan mai ratsin lemo da baƙi? Loc ake ce masa. Ba ya zama shi kaɗai, sai su biyar ko shida, in ba haka ba takura yake yi. Wannan siririn kamar igiyar takalmi danginsu ɗaya, shi ma sai da nasa 'yan'uwan, kuma sai an shimfiɗa masa yashi mai laushi don binne kansa yake yi. Wannan ɗan mitsitsin mai gashin baki garke yake so. Wancan baƙin mai jan wutsiya kuwa masifaffe ne, in ya kama wuri ba ya son ganin kowa a gefensa."

Mai Makullai ya yi dariya har makullan ƙugunsa suka taya shi.

"'Yan'uwa shida a gida ɗaya? 'Yata, yaushe aka haife ki? Na taɓa ba wasu 'yan'uwa uku ɗakuna a hawa ɗaya. Ba a yi wata biyu ba suka haɗa kai suka ce wai ni ne matsalar gidan. Tun ranar na kafa doka, kowane dangi mutum ɗaya. In kowa baƙo ne, kowa zai kama kansa. Ki ba ni ɗai-ɗai."

"Baba, kifi fa ba mutum ba ne."

"Shi ya sa zai fi sauƙi. Ba shi da lauya."

Ta yi bayani, ta sake yi, har ta ɗauko takarda za ta rubuta masa, ya ce kansa ya fi takarda riƙo. Ya nuna da yatsa aka kamo masa guda biyar, yana raɗa musu suna nan take: Mai Ratsi, Siriri, Gashin Baki, Jan Wutsiya, da wani mai manne wa gilashi yana lasa, wanda ya kira Lasau. Har zai fita ya hango dodon koɗi, ya ce a ƙara masa ɗaya saboda ya ga alamar natsuwa a tare da shi.

"Wannan fa abincin Mai Ratsi ne," in ji mai shagon.

"Zan gabatar da su ga juna. Ba a cin wanda aka san sunansa."

Daga cikin shawarwarinta duka, yashin kaɗai ya yarda ya karɓa, shi ma don ya ga launinsa ya dace da fentin falo.

Ya cika akwati da ruwa, ya kunna injin tacewa, ya yi wa sababbin 'yan haya jawabin maraba na kusan rabin awa suna cikin leda suna kallonsa. Yana sakinsu, dukkansu suka yi ƙasa kamar an jefa tsakuwa. Siriri ko sallama bai yi ba ya nutse cikin yashi. Jan Wutsiya ya zagaya sau ɗaya, ya ga wurin ya yi masa, ya yanke shawarar cewa duka nasa ne, ya shiga korar kowa. Gashin Baki ya maƙale a lungu yana rawar jiki, Lasau ya ɓuya a bayan injin.

Ana haka Tela na hawa na biyu ya sauko, tef rataye a wuyansa. Shi da Mai Makullai sun shekara goma suna zaman doya da manja. Ya tsaya ya ƙare wa akwatin kallo daga sama har ƙasa.

"Yallaɓai, ruwan sha aka kawo mana? Ina kofin?"

"Kifi ne a ciki."

"Ina?"

"Sunkuya."

Tela ya sunkuya har tef ɗinsa ya taɓa ƙasa. "Na ga wani yana korar wani."

"Gaisawa suke yi."

"Da haƙori?"

"Kowane gida da irin gaisuwarsa. Kai je ka ƙarasa rigar mutane da ka riƙe tun bara."

Kwana biyu ana gaisawa, har Gashin Baki ya rasa rabin wutsiyarsa. Mai Makullai ya zauna a kujera ya yi nazari mai zurfi, sai ya gano bakin zaren: ƙarancin ɗakuna ne. Mutum shida a hawa ɗaya, sama kuma fayau ba kowa, ai ko waliyyai ne sai sun yi faɗa. Ya bari matarsa ta tafi kasuwa, ya zare ragogin firjinta guda uku, ya kwaso jan bulo daga bayan gida, ya gina bene mai hawa uku a cikin ruwa. Kowane hawa ya kifa masa kofunan shayi biyu a matsayin ɗakuna, ya rubuta lamba a gindin kowanne. Sannan ya rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe ya manna a jikin gilashi, rubutun yana kallon ciki.

Matarsa ta dawo ta buɗe firji, ta tarar da tumatir da ƙwai da robar madara duk sun taru a ƙasa a kan juna.

"Malam! Ina ragogina?"

"Suna bakin aiki."

Tela kuwa sai da ya zagaya ta bayan akwati, ya manna kunci a bango, sannan ya iya karanta takardar ta cikin ruwa, da ƙarfi don kowa ya ji: "Sanarwa. Duk wanda aka ba ɗakin sama ya tare nan take. Ba jayayya, ba uzuri. Sabo ne kawai. Sa hannu, Hukumar Gida." Ya ɗago. "Yallaɓai, me ya sa rubutun ke kallon ciki?"

"Kai aka rubuta wa?"

Aka shiga rabon ɗakuna. Mai Makullai ya ɗauko ludayin miya ya kamo Gashin Baki ya ajiye shi a hawa na uku, ɗaki mai lamba biyar. Kafin ya zare ludayin, Gashin Baki ya riga shi isa ƙasa. Ya sake kamowa, ya sake saukowa. Sau tara ana wannan, mutanen gida sun taru suna ƙirgawa da baki ɗaya, wata mata daga hawa na huɗu har da kawo kujera. Rigar Mai Makullai ta jiƙe sharkaf, rabi ruwa rabi gumi.

"Haka sababbin 'yan haya suke," ya ce yana haki. "Da farko kowa sai ya ce shi ba zai iya sama ba. Ku ba shi sati ɗaya."

Ranar Juma'a da safe aka wayi gari dodon koɗi ya zama kwanso, ba kowa a ciki. Mai Makullai ya kira zaman sulhu na gaggawa, ya ƙwanƙwasa gilashi da makulli, ya yi wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka. Mai Ratsi ya matso yana wani sauti ƙas-ƙas da bakinsa, wanda Mai Makullai ya fassara wa jama'a da cewa amsa laifi ne da neman afuwa. Aka yafe masa bisa sharaɗin ba zai sake ba, abin da bai yi wuya ba tunda babu sauran dodon koɗi.

Washegari kuma sai ga Mai Ratsi kwance a gefe ɗaya a kan yashi, ko motsi ba ya yi. Mai Makullai ya tare Nas ta hawa na uku a bakin matakala, tana sauri za ta tafi aiki.

"'Yar nan, taimaka ki auna masa jini."

"Baba, ni mutane nake dubawa."

"Ɗan haya ne, lamba biyu."

Nas ta leƙa. "Ai ga gefen kansa nan yana motsi. Numfashi yake yi."

"Ragowar rai ce. Nadama ce ta kashe shi, na san irinta." Ya cire hula, ya tara waɗanda ke kusa, ya ce marigayin yana da kurakuransa amma ya cika da tuba. Sannan ya naɗe hannun riga ya zura hannu don ya ɗauko gawa. Gawa ta farka, ta buɗe wata 'yar ƙaya da ke ɓoye a ƙarƙashin idonta, ta caka masa a babban yatsa. Ihun da ya yi sai da mai kemis ya leƙo daga shagonsa.

"Yauwa," in ji Nas tana buɗe jaka, "yanzu na samu irin wanda nake dubawa."

Tana ɗaure masa yatsa matarsa ta kira mai shagon kifi a waya, ta buɗe murya kowa yana ji.

"Barci yake yi, haka irinsu suke kwanciya," in ji mai shagon. "Don Allah Mama ki ce wa Baba ya dawo min da mai jan wutsiyar nan, ya ƙara wa sauran 'yan'uwansu, ya kuma kwashe bulon da na ji an ce ya zuba. Har yanzu lokaci bai ƙure ba."

"Ka ji ko, Malam?"

"Na ji. Ashe ba mutuwa ba ce, lalaci ne. Kisa, duka, barci da rana tsaka, ga kai wa hukuma hari. Matsalar gidan nan rashin tsaro ce. Mai gadi nake buƙata."

Bai koma shagon ba. Kasuwa ya nufa, layin masu sayar da ɗanyen kifi, ya dawo da tarwaɗa mai rai a bokiti, tsawonta ya kusa kamu biyu, baƙa wuluk, baki kamar ƙofar gareji.

"Malam, wannan ta tukunya ce," in ji matarsa.

"Da ke nan. Yanzu ma'aikaciya ce. Dubi gashin bakin nan, kina gani kin san ba ta ɗaukar raini."

Gaskiya kuwa, Mai Gadi ta iya aiki. Kwana ɗaya da kama aikinta faɗa ya tsaya cak. Akwati ya yi tsit, ba kora, ba guje-guje. Mai Makullai ya dinga tare duk wanda ya shigo yana nuna masa yadda ake gyara gida.

"Ina Gashin Baki?" in ji Tela ran Talata.

"Ya tare a sama. Ban ce ku ba shi sati ɗaya ba?"

"Ban gan shi ba."

"Yana cikin ɗaki. Kai in kana ɗakinka ana ganinka?"

Ran Laraba Tela ya tambayi Lasau, aka ce yana hutun aiki. Ran Alhamis ya tambayi Mai Ratsi, aka ce kunya ce ta hana shi fitowa tun abin da ya yi. Matar Mai Makullai kuwa ta tsaya da tsintsiya a hannu tana duban Mai Gadi.

"Malam, ma'aikaciyar nan taka ƙiba take yi."

"Kwanciyar hankali ce. Wurin aiki ya karɓe ta."

Ana gobe taro, da sassafe, ya fito zuba abinci sai ya hango wani ɗan jan abu yana leƙowa daga gefen bakin Mai Gadi. Ya matsa ya duba da kyau. Wutsiya ce, ja. Mai Gadi ta dube shi, ta haɗiye sauran a natse.

Nan fa tsoro ya kama shi na gaske. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi matakala, ya ji gwiwarsa tana zugi tun ba a fara hawa ba. Shagon kifi ba nisa, tafiyar minti goma ce. Da zai je ya ce wa yarinyar nan, "'Yata, ban san abin da nake yi ba, ki cece ni," da wataƙila kafin yamma ta gyara komai. Har ya sa takalmi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gwada faɗin maganar a hankali, ta ƙi fita. Sai ya cire takalmin, ya ɗauko zanen gadonsu ya lulluɓe akwatin, ya ce wa kowa ba a buɗewa sai gaban Hajiya.

Ranar taro aka jera kujeru a falon shiga, gida ya cika maƙil. Hajiya ta iso tare da mai shagon kifi, wadda ta gayyato don ta ga aikin. Mai kemis ma ya zo ba a gayyace shi ba, ya tsaya kusa da ƙofar ɗakin Mai Makullai yana auna faɗinta da ido.

Mai Makullai ya sha babbar riga, ya yi jawabi a kan zaman lafiya da hikimar shugabanci, sannan ya kama bakin zane ya fizge.

Ga bene mai hawa uku, ga kofuna shida da lambobinsu, ga sanarwa. A hawan ƙasa kuma ga tarwaɗa guda ɗaya ta miƙe, ciki ya yi tulu, tana kaɗa gashin baki.

"Innalillahi!" Mai shagon ta dafe ƙirji. "Baba, wa ya sa tarwaɗa a nan?"

"Mai gadi ce."

"Ina kifayena?" in ji Hajiya.

"Suna ɗakunansu, ranki ya daɗe. Bari in kira su." Ya ƙwanƙwasa gilashi da makulli. "Lamba ɗaya, Jan Wutsiya! Lamba biyu, Mai Ratsi! Lamba biyar!"

Mai Gadi ta buɗe baki, wani kumfa ya fito ya hau sama.

"Ga ɗaya nan ya amsa daga ciki," in ji Tela. "Amma fa a yaba mata, ta tsare su inda ɓarawo ba zai taɓa kaiwa ba."

Falo ya kece da dariya. Mai Makullai ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya ce yanzun nan zai buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ya kunyata maƙiya. Ya jawo kujera ya taka, ya tattare babbar riga, ya zura hannu biyu ya ɗago ragar sama. Garin sunkuyawa tarin makullansa ya faɗa ruwa ya sarƙe da raga ta biyu. Ya ja, ta ƙi. Mai Gadi da ta ga an shigo mata gida ba sallama, ta yi aikinta, ta zabga masa wutsiya a fuska. Ya yi baya da ƙarfi, makullai suka jawo raga, raga ta jawo bulo, bene mai hawa uku ya kife gaba ɗaya a kan gilashin gaba.

Aka ji ƙas. Wani siririn layi ya tashi daga ƙasan gilashin yana hawa a hankali, kowa ya bi shi da ido.

"Zane ne kawai," in ji Mai Makullai. "Na san irin..."

Gilashi ya buɗe. Ruwa ya kwararo da yashi da kofuna da bulo, mutane suka dare, takalma suka kama iyo. Hajiya da ke cewa ƙafa na damunta, ba wanda ya ga lokacin da ta haye kan kujera. Daɓen falon kuwa dama ya ɗan karkata wajen ɗakin Mai Makullai, shekara ashirin da biyu yana cewa ya san yadda za a gyara shi. Ruwa bai yi shawara da kowa ba, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shige ɗakin gaba ɗaya. Matarsa ta buɗe ƙofa don ta ga abin da ke faruwa, Mai Gadi ta sulale ta tsakanin ƙafafunta, tana jan ciki tana kaɗa jiki, ta wuce ƙarƙashin gado ta tare.

Mai shagon ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta durƙusa tana tona jiƙaƙƙen yashi da yatsu, can sai ta ɗago da wani abu kamar igiyar takalmi yana mutsu-mutsu. Ta jefa shi a kofi mai lamba uku, ta ƙara masa ruwa.

"Siriri ne, da ransa," ta ce. "Shi kaɗai ya tsira."

"Ai dole," in ji Nas. "Shi kaɗai ne bai taɓa halartar taron Baba ba."

Hajiya ta sauko daga kujera, ta matse bakin mayafinta, ta gyara gilashin idonta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mai Makullai."

"Ranki ya daɗe."

"Me ya sami kifayena?"

Ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa, ragar firji na reto a ƙugunsa. Ya dubi matarsa, ya dubi katifarsu da ta sha ruwa ta ƙoshi.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

Tela ya ɗora hannu biyu a ka. "Jama'a, ku shaida! Shekara ashirin da biyu ana jiran kalmar nan, bai tashi faɗinta ba sai ranar da ya sani!"

Sannan ya sunkuya ya tsamo wata jiƙaƙƙiyar takarda da ke yawo kusa da ƙafarsa, ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu cikin ladabi. Hajiya ta karanta a bayyane, kalma bayan kalma: "Duk wanda aka ba ɗakin sama ya tare nan take. Ba jayayya, ba uzuri. Sabo ne kawai." Ta ɗago kai. "Wa ya rubuta wannan?"

"Hukumar gida, ranki ya daɗe," Mai Makullai ya ce da ƙyar.

"To hukuma ta yi magana."

A ranar Mai Makullai ya hau ɗakin sama, katifa a ka tana ɗiga masa a wuya, yana hutawa a kowane hawa, 'yan saman da ya sha zaginsu suna miƙo masa kujera da ruwan sha. Matarsa ta zaƙulo Mai Gadi daga ƙarƙashin gado ta mayar da ita aikinta na asali. Shi dai ya ƙi sa hannu a kwanon, ya ce ba zai ci ma'aikaciya ba, balle da 'yan haya huɗu a cikinta.

Bayan sati uku aka kawo sabon akwati, mai shagon ta shirya shi da hannunta. Ta shimfiɗa yashi mai laushi, ta sa itace da duwatsun ɓuya, ta kawo wa Siriri 'yan'uwa biyar, ta saki garken masu launi suna shawagi a sama. Ko faɗa ɗaya ba a yi ba.

Mai Makullai kuwa kullum gari na wayewa zai lallaɓo ya sauko, ya zauna a matakalar farko, kusa da inda ƙofarsa take a da, wadda yanzu ta zama kantar magani. Nan zai wuni, ko da aiki ko babu, sai matarsa ta leƙo daga sama ta yi ta kira. Ran nan mai shagon ta zo duba ruwa ta same shi ya zuba tagumi, yana kallon Siriri da 'yan'uwansa sun cure wuri ɗaya a ƙarƙashin itace. Ya waiga ya tabbatar Tela ba ya kusa, sannan ya rage murya.

"'Yata, in tambaye ki mana. Irin wannan, in aka daɗe ana kai shi sama, yana sabawa?"

"Ba ya sabawa, Baba. Na ƙasa ne. Ko sau nawa ka kai shi, sai ya dawo."

Ya jinjina kai yana shafa gwiwa, idonsa ya ɗan kawo ruwa.

"Abin da nake ta gaya wa mutanen gidan nan ke nan," ya ce, "ba sa ji."

Daga can sama muryar matarsa ta gangaro: "Malam! Abinci zai huce!"

Ya dafa bango ya miƙe, makullai suka yi kacau. Ya ɗora ƙafar dama a matakala, ya jawo ta hagu da hannu, ya tsaya ya numfasa. Saura tamanin da uku.